Wanda ya fitar da sirrin soja: gwarzo ne ko maci amana?

Tambaya daga wani mai karatu a Fagge, Kano: Malam, yau kwana uku ke nan muna musu a majalisarmu ta bayan isha'i. Wata takarda ce mai tambarin soja ta faɗo zaurenmu na WhatsApp, da hatimin sirri a samanta. Wasu suka ce wanda ya fito da ita gwarzo ne, don in ba irinsa ba talaka ba zai taɓa sanin wainar da ake toyawa ba, har suna kafa hujja da Snowden. Wasu suka ce maci amana ne, 'yan uwansa sojoji yake so a kashe. Su wa ke da gaskiya? Mu kuma da muka tura wa wasu, muna da laifi?

Amsa: Malam, ko za ku kai azumin baɗi kuna wannan musu ba zai ƙare ba, saboda kun kama mutumin kun saki takardar. Ba ka gaya mana abin da ke cikinta ba, alhali a can hukuncin yake. Hatimin sirri iri ɗaya ne a ido, amma abu biyu yake rufewa. Akwai sirrin da ke tsare ran kurtu a fagen daga, akwai wanda ke tsare kujerar oga a ofis. Wanda ya tona na farko ya ɗauki alhakin jini ko da zuciyarsa fara ce tas. Wanda ya tona na biyu yana iya yi wa ƙasa aikin da majalisa da kotu suka kasa. Matsalar ita ce sau da yawa su biyun a shafi guda suke.

A ma'aikatun gwamnati da rundunonin tsaro hawa huɗu ake jera takardun sirri, daga wadda aka taƙaita ga 'yan cikin gida har zuwa ta ƙoli wadda mutane ƙalilan ke gani. Galibi jami'in da ya rubuta takardar shi ke zaɓa mata hawa. Da wuya ka ji an tuhumi jami'i don ya ɗaga hawan fiye da kima, amma wanda ya rage yana iya rasa aikinsa, don haka kowa sama yake kaiwa. Shi ya sa kwangilar shinkafar bariki da shirin kai farmaki kan tashi da hatimi iri guda. Ganin hatimin kaɗai bai gaya maka komai ba.

Ɗauko irin takardar da sojoji ke kira sigina ka dube ta da kyau. Sama da ƙasa an rubuta hawan sirrinta. Sai wanda ya aiko, da waɗanda aka umarta su aiwatar, da waɗanda aka sanar kawai. Sai wasu lambobi da mai karatu ke tsallakewa, kamar 121430A, wato ranar 12 ga wata, ƙarfe biyu da rabi na rana agogon Najeriya. Kai labari kake nema a ciki. Na cikin daji abu huɗu yake nema: wa zai taso, su nawa ne, yaushe, ta wace hanya. Yawan motoci ya ba shi ƙiyasin yawan mutane. Yawan man da aka nema ya ba shi nisan tafiyar. Mai binne nakiya ba ya buƙatar komai bayan sunan hanya da daren da za a bi ta. Ko jadawalin hutun sojoji, wanda kai za ka ga shirme ne, yana nuna masa makon da sansani ya fi ƙarancin mutane.

Ga inda gizo ke saƙar. A ce an fitar da kuɗin motocin sulke goma, ba a kai ko ɗaya ba, kwamandan wani sansani ya rubuta wa na sama da shi yana kuka. Wannan wasiƙa hujja ce a kan ɓarawo, jama'a na da haƙƙin sanin an sace kuɗinsu. Ita ɗin dai kuma tana gaya wa abokin gaba sansanin da ba shi da sulke, da sunansa da inda yake. Wanda ya watsa ta yadda take ya tona ɓarawo ya kuma nuna wa kura ƙofar garke. Wanda ya san abin da yake yi zai fitar da adadin kuɗin da ranar biya da sunan kamfanin, ya riƙe sunan sansanin. Wannan tankaɗe da rairaya shi ne ma'aunin da nake fara ɗora kowane mai kwarmato a kai.

Na biyu shi ne lokaci: maganar jiya ce ko ta gobe? A ƙarshen Disamba 2018 mayaƙan ISWAP suka mamaye Baga. Ranar Lahadi 6 ga Janairu 2019 jaridar Daily Trust ta buga cewa sojoji na haɗa ƙarfi don ƙwato garin. A ranar sojoji suka dira ofisoshinta na Maiduguri da Abuja da Legas, suka kama ma'aikata a Maiduguri, suka kwashi kwamfutoci a Abuja, sai da fadar shugaban ƙasa ta ce su janye. Rundunar ta ce an fallasa shirinta. A ganina ƙorafin nata yana da tushe, don farmakin da ba a kai ba tukuna ba labarin bugawa ba ne. Amma hanyar da ta bi ba ta da tushe, kotu ya kamata ta nufa. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ai ba ɗan jarida ne ya zauna a taron tsara farmakin ba. A Birtaniya tun 1912 suke da wani kwamiti na jami'an tsaro da editoci, inda ake roƙon jarida ta jinkirta abu ba tare da tilas ba. Irin wannan teburi ya fi motar sojoji a ƙofar jarida amfani.

Wanda ya fi kusa da cika ma'aunin nan duka shi ne Daniel Ellsberg, ma'aikacin cibiyar bincike ta RAND a Amurka. A hannunsa akwai kundin sirri na ma'aikatar tsaro a kan yaƙin Biyetnam daga 1945 zuwa 1967, mujalladi 47, shafi kusan 7,000, wanda ya nuna gwamnati bayan gwamnati na gaya wa jama'a abin da ta san ba haka yake ba. Lura da yadda ya yi. Tarihi ne, babu motsin sojojin gobe a ciki. Ya karanta abin da ya ɗauka. Ya riƙe mujalladi huɗu da suka shafi tattaunawar sulhu, bai ba jarida ba. Ya fara kai wa Sanata Fulbright, ya jira sama da shekara ba a yi komai ba, sannan New York Times ta fara bugawa ranar 13 ga Yuni 1971. Gwamnati ta nemi a hana, Kotun Ƙoli ta ƙi ranar 30 ga watan, alƙalai shida a kan uku. Shi kuma ya miƙa kansa yana fuskantar ɗaurin shekara 115. Shari'ar ta rushe a Mayu 1973 bayan an gano mutanen shugaba Nixon sun fasa ofishin likitansa suna neman abin ɓata shi. Lauyan da ya tsaya wa gwamnati a Kotun Ƙoli, Erwin Griswold, daga baya a 1989 ya rubuta cewa bai ga wata illa da bugawar ta yi wa tsaron ƙasa ba.

Chelsea Manning, wadda a lokacin ake kira Bradley Manning, ƙaramar mai nazarin bayanai ce ta sojojin Amurka a Iraƙi, shekararta 22 a 2010 sa'ad da ta ba shafin tona asiri na WikiLeaks takardu sama da 700,000. A ciki akwai bidiyon jirgi mai saukar ungulu da ya buɗe wa mutane wuta a Bagadaza ranar 12 ga Yuli 2007, har da ma'aikatan Reuters biyu cikin waɗanda suka mutu. Reuters ta nemi bidiyon ta hanyar doka ba ta samu ba. Fitar da wannan, a wajena, shaida ce da ta wajaba. Amma yi lissafi: ko da takarda ɗaya mutum ke karantawa duk minti, ba barci ba ci, sai ya shafe sama da kwana 480 kafin ya gama 700,000. Ashe ta saki abin da ba ta karanta ba ke nan. A takardun Afganistan an samu sunayen 'yan ƙasar da suka ba sojoji bayanai, kuma a Satumba 2011 wasiƙun jakadanci kusan 250,000 suka fita ba a shafe sunan kowa ba. Janar ɗin da ya jagoranci binciken ɓarnar ya shaida wa kotun soji cewa ba su tabbatar da mutum ko ɗaya da aka kashe saboda sunansa ya fito ba, kuma kotun ta wanke ta daga tuhumar taimakon abokan gaba. Sai dai wanda ya yi jifa cikin kasuwa dutsen bai sami kowa ba, ba a ce ya iya saiti. An yanke mata shekara 35 a 2013, Obama ya sassauta a 2017.

Mu mutanen Kano ma mun tsinci namu a cikin wasiƙun nan. Kowa ya san gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu, da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin Kano a 2009. A Disamba 2010 jaridar Guardian ta Ingila ta buga wata wasiƙar ofishin jakadancin Amurka da ke cewa kamfanin ya ɗauki masu bincike su tono laifin ministan shari'a na lokacin don a matsa masa ya janye ƙarar gwamnatin tarayya. Kamfanin ya musanta. Ko ma mene ne gaskiyarta, wannan magana ce da iyayen yaran ke da haƙƙin ji, kuma babu sojan da jin ta zai kashe.

Edward Snowden da kuke kafa hujja da shi, wanda ya yi wa hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA aikin kwangila, tsaka-tsaki yake. A Yuni 2013 ya tona yadda hukumar NSA ke tattara bayanan kiran wayar Amurkawa baki ɗaya. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce shirin ya saɓa doka a 2015, majalisa ta sauya dokar a shekarar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ya kwashi takardu masu yawan gaske da suka shafi leƙen asirin wasu ƙasashe, aikin da doka ba ta hana hukumar ba, ya bar wa 'yan jarida tacewa, kuma ya ƙare a Mosko, har Rasha ta ba shi takardar zama ɗan ƙasa a 2022. Masu kare shi na da hujjar da ba a raina ta: dokar leƙen asiri ta 1917 da ake tuhumarsa da ita ba ta ba wanda ake tuhuma damar ya kare kansa da cewa don amfanin jama'a ya yi ba. Jack Teixeira kuwa, ƙaramin sojan Amurka ɗan shekara 21 da aka kama a Afrilu 2023, takardun yaƙin Yukren ya riƙa ɗorawa a manhajar hira ta Discord don abokan wasansa su san shi ma wani ne. Shekara 15 aka ba shi, ban ga wanda ya kira shi gwarzo da gaske ba. A gefe guda kuma Janar David Petraeus ya ba marubuciyar tarihinsa littattafan sirri, ya tashi da tarar dala 100,000 da sa ido na shekara biyu a 2015. Irin wannan bambanci tsakanin babba da ƙarami shi ke sa jama'a su daina yarda idan gwamnati ta ce tsaro take karewa.

Dawo gida. A Mayu 2014 sojoji suka harbi motar kwamandansu a barikin Maimalari da ke Maiduguri bayan an kawo gawarwakin 'yan uwansu da aka yi wa kwanton ɓauna. Kotun soji ta yanke wa 12 hukuncin kisa a Satumba, ta ƙara wasu 54 a Disamba bisa ƙin fita fagen daga, su kuma suna cewa ba a ba su makamai ba. A 2015 sai ga binciken kuɗin makamai da zargin dala biliyan 2.1 a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma a Disamban shekarar aka mayar da hukuncin sojoji 66 ɗaurin shekara goma. Da wani akawu ya fito da takardun biyan kuɗin tun 2014, da wace fuska za a kira shi maci amana? Sannan ga bidiyon Manjo Janar Olusegun Adeniyi da ya bazu a Maris 2020, yana tsaye a fagen daga yana bayanin irin ruwan wutar da aka yi musu da motocin da suka lalace. Kotun soji ta same shi da saɓa ƙa'idar kafafen sada zumunta, ta rage masa shekara uku na girma. Bidiyon ya gaya wa 'yan ƙasa gaskiya, ya kuma gaya wa maƙiyi harinsa ya yi tasiri da inda ya yi. Shafi guda, sirri biyu.

Amma kada muhawarar gwarzo da maci amana ta ɗauke mana hankali daga inda jini ya fi zuba. Mai fallasa don kishin gaskiya ɗaya ne cikin dubu in an kwatanta da mai sayarwa da mai sakaci. Infoma da ke buga wa 'yan bindiga waya ya ce ayari ya wuce ba ya buƙatar hatimi ko jarida, kuma yana cikin dalilan da suka sa aka katse layukan waya a Zamfara a Satumba 2021. Da ɗan gari akan ci gari. Sakaci kuwa ba ya barin manya: a 2018 taswirar manhajar motsa jiki ta Strava ta zana sansanonin Amurka a Afganistan da Siriya saboda sojoji na gudun safe da agogo a hannu. A daren shiga 2023 aka yi wa sojojin Rasha luguden wuta a Makiivka da ke gabashin Yukren, ma'aikatar tsaronsu ta amsa mutuwar 89 ta ɗora laifin a kan wayoyin da suka kunna. A Maris 2025 manyan jami'an Amurka suka sa editan mujallar The Atlantic cikin zaurensu na manhajar hira ta Signal bisa kuskure suna tattauna lokacin kai hari Yaman.

Tunda a majalisa irin taku ba a rasa mai jawo aya, to addini ma ɓangarorin biyu ya riƙe. Haɗib bin Abi Balta'a, sahabin da ya halarci Badar, ya rubuta wa Ƙuraishawa wasiƙa yana sanar da su shirin tafiya Makka, wata mata ta ɓoye ta a kitsonta, aka tare ta a hanya aka karɓe. Uzurinsa shi ne iyalinsa na can ba su da mai kare su. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata shi bai bari a taɓa shi ba, amma farkon Suratul Mumtahana ya sauka yana hana aikin. An karɓi niyyar mutumin, an ƙi aikin, kuma wasiƙar ba ta isa ba. Aya ta 83 a Suratun Nisa'i ta zargi masu yaɗa labarin aminci ko tsoro da zarar ya zo musu maimakon su mayar da shi ga masu iya tantancewa. A ɗaya hannun, aya ta 283 a Baƙara ta ce mai ɓoye shaida zuciyarsa mai zunubi ce. Wanda ya ga an kashe bayin Allah an binne da daddare ba zai fake da amana ba.

Ta fuskar doka, Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan daram. Sashe na ɗaya ya haramta miƙa bayanin sirri ga wanda ba a yarje ba, ya kuma haramta samunsa da kwafarsa da ajiye shi, hukuncin na iya kai shekara 14. Sai dai ma'anar da dokar ta ba bayanin sirri sharaɗi biyu ne: an hana bayyana shi, kuma bayyana shi zai cutar da tsaron Najeriya. Hatimi kaɗai bai isa ba, abin kunya ga oga ba cutar da ƙasa ba ne. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta zo ta buɗe taga. Sashe na 11 ya ba hukuma damar hana abin da zai cutar da tsaro, amma ya ce ba za a hana ba idan amfanin jama'a ya rinjayi cutarwar. Sashe na 27 ya ce dokar sirri ba za ta cutar da ma'aikacin da ya bayyana abin da yake da dalilin gaskata cewa karya doka ne, ko almundahana, ko cin zarafin ofis, ko haɗari ga lafiyar jama'a ba, kuma ya kare wanda ya karɓa ya yaɗa. Ga ramin da mutane ba sa gani: sashen bai ambaci Dokar Rundunar Soji ba. Mai kaki na ƙarƙashin kotun soji, inda tuhumar saɓa umarni ko zubar da ɗa'ar aiki ta isa a ɗaure shi ba tare da an taɓa maganar sirri ba, ba wa abokin gaba bayani da niyyar taimakonsa kuwa hukuncinsa kisa. Tsarin mulki ma a sashe na 39 ya yarda a taƙaita bakin jami'an tsaro. Shirin kwarmato na Disamba 2016, mai ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na kuɗin da aka ƙwato, tsarin ma'aikatar kuɗi ne, ba dokar majalisa ba, bai hana a kore ka ko a tura ka bakin daga ba.

To mai riƙe da irin wannan abu ya zai yi? Ya fara rubuta wa kansa rana da wuri da waɗanda ke wajen, ya raba abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa, don a nan yawancin ƙorafi ke mutuwa. Ya ga lauya kafin ya ga kowa. Ya kai kuka a rubuce ta hannun kwamandansa, ya riƙe kwafi mai hatimin karɓa, in kwamandan ne ake zargi ya haura sama. Rundunar sojin ƙasa na da teburin haƙƙin ɗan Adam tun 2016. Idan kisa ne ko azabtarwa, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda ta binciki kisan mutum takwas a Apo ta Abuja a 2013 ta ba da umarnin diyyar naira miliyan 135. Idan kuɗi ne, EFCC ko ICPC. Kwamitocin tsaro na majalisa na da ikon kiran kowa ƙarƙashin sashe na 88 da 89, kuma suna iya zama a asirce. Maganar gawa 347 da aka binne a rami guda bayan rikicin Zariya na Disamba 2015, ai a gaban hukumar bincike jami'an gwamnatin Kaduna suka faɗe ta. Farar hula kuma na iya rubuta takardar neman bayani: kwana bakwai ne wa'adin amsa, ana iya ƙara bakwai, in an hana sai a rubuta masa dalili, yana da kwana 30 ya je kotu, kuma hukumar ce za ta tabbatar da hujjar hanawar. Doka ta ce a cire abin da ya shafi tsaro a ba da sauran.

Ba zan ce hanyoyin nan ba sa yoyo ba. Sau da yawa ƙorafi kan komo teburin wanda aka kai ƙara kafin mai ƙorafin ya isa gida. Ko a Amurka, Joe Darby, sojan da ya miƙa hotunan azabtar da fursunoni a gidan yarin Abu Ghraib na Iraƙi ga masu binciken soja a 2004, ministan tsaro ya ambaci sunansa a bainar jama'a, sai da aka ɗauke iyalinsa daga garinsu. Duk da haka wanda ya ƙwanƙwasa ƙofofin nan aka ƙi buɗewa, ranar da ya je jarida yana da abin nuna wa alƙali da jama'a. Idan ta kai ga haka, ya ba da mafi ƙarancin abin da zai tabbatar da laifin, ba sunan ƙaramin soja, ba sunan mai ba da bayani, ba wuri, ba adadin makamai, kuma kada ya karɓi ko sisi, don da zarar kuɗi ya shiga ya koma ɗan kasuwa. Ya kuma sa a ransa za a gano shi. Reality Winner, wata ma'aikaciyar kwangila ta NSA, a 2017 takarda ɗaya ta aika wa wata kafar labarai, kafar ta nuna wa gwamnati hotonta don tantancewa, alamar ninki ta nuna bugawa aka yi, aka duba aka ga mutum shida ne suka buga ta. Wata 63 aka yanke mata. Editan da ya nuna ainihin takarda ya miƙa majiyarsa da hannunsa.

Saura ku 'yan majalisar bayan isha'i. A harafin dokar 1962 kwafa da ajiyewa ma laifi ne, kuma kariyar 2011 ta shafi abin da ke tona ɓarna ne, ba shirin aiki ba. Ko babu wanda zai zo kama ku, zauren WhatsApp ɗaya na ɗaukar mutum 1,024, kuma ba ka san kowa a ciki ba. Magana zarar bunu ce. Duba lambobin kwanan watan da na nuna maka. Idan ranar ba ta zo ba, ko kwana kaɗan ne da wucewa, ko akwai sunan hanya da sansani, goge ta, ka ce wa mai kula da zauren ya goge. Wadda ta fi yaudarar mutanen kirki ita ce takardar gargaɗi, mai cewa an samu labarin za a kai hari wuri kaza. Duk wanda ya ga hare-haren 20 ga Janairu 2012 a garin nan na Kano zai ji wajibi ne ya tura wa 'yan uwansa na Kwari da Sabon Gari. Amma fitarta na gaya wa maharan cewa akwai mai kai rahoto a cikinsu, su sauya rana da wuri, su kuma nemo shi, shi ke nan idon da ake gani da shi ya rufe. Sannan ba duk mai tambari ce ta gaske ba. Duk mai kwamfuta a shagon buga takardu zai iya haɗa ta cikin minti goma, ta gasken ma wani lokaci wani ɓangare ne ya sake ta don ya kayar da abokin takara lokacin ƙarin girma ko naɗin muƙami, ya cire shafin da ke wanke shi. Idan kuwa tsohuwa ce kuma tana nuna an zalunci wasu ko an ci kuɗi, kai ta wurin lauya, ko ofishin hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da ke nan Kano, ko editan da ka yarda da hankalinsa, a tabbatar da sahihancinta a shafe sunayen ƙananan mutane kafin ta sake fita daga wayarka.